Madubin Likita Da Abin Da Ya Nuna Mana A Fadamar Kabi

Idan damina ta yi nisa, Gulbin Rima ya cika ya batse, ya malala cikin fadamun da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, abu biyu su kan yawaita a ƙasar Kabi, watau shinkafa a gona da zazzaɓi a gida. Shinkafa kowa ya san asalinta, don da hannu a ke shuka ta, da ido a ke ganin girmanta. Amma zazzaɓi fa, sai a ji ko wane mutum da tasa magana. Wani ya ce rana ce, wani ya ce sabon gero ne, wani kuwa ya ɗora wa iska laifi. Ba mu ga laifin mutanen dā ba, don abin da ke kawo cutar nan ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. Sai da aka ƙago wani ƙarfe mai gilasai, wanda mu ke kira madubin likita, Turawa kuwa su na ce masa maikiroskof, sa'an nan aka ga ɓarawon ido da ido.

Yau mun yi niyyar mu yi wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, bayanin wannan madubi, da yadda a ke duban ƙwayoyin halitta masu rai da shi, da kuma rabon da ƙasar Gwandu da ta Argungu su ka samu a cikin tarihinsa. Dalilinmu kuwa ga shi. A binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi cikin 2015, an ɗebi jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 an duba a madubi, aka sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jikin yara 64 cikin 100 a Jihar Kebbi. Cikin 2018 aka sami 52, cikin 2021 kuwa 49, alhali kuwa a Nijeriya baki ɗaya 22 ne cikin 100 a shekarar nan ta ƙarshe. Duk sau ukun Kebbi ce a kan gaba. Abin yana raguwa, amma har yanzu da sauran rina a kaba. Mutanen da cuta ta yi wa irin wannan zama kuwa, ya kamata a ce 'ya'yansu sun san kamanninta.

Yadda aka fara

Tun da daɗewa masana su ka lura gilashi mai tudu a tsakiya ya kan ƙara wa abu girma. Shehun malamin nan Alhasan ɗan Alhaisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, shi ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne in haske ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma yi bayanin yadda haske ke karkacewa in ya ratsa ruwa ko gilashi. A kan wannan tushe masu yin tabarau na ƙasar Turai su ka yi gini, har wajen 1600 wasu a ƙasar Holan su ka jera gilashi biyu cikin bututu guda, na farko ya ƙara girman abu, na biyu ya ƙara girman abin da na farko ya nuna.

Cikin 1665 wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɗan siririn ɓawon itacen da a ke toshe kwalba da shi, ya duba. Sai ya ga ashe duk 'yan ɗakuna ne a jere kamar saƙar zuma. Shi ya fara ba su suna, ya kira su 'yan ɗakuna da harshensu, sunan kuwa ya bi su har yau. Amma abin da Hooke ya gani kangaye ne, masu gidan sun mutu tuni, bango kaɗai ya rage.

Wanda ya fara ganin masu rai wani ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Bai yi karatun jami'a ba, amma Allah ya hore masa haƙuri da iya goge gilashi, har ya kan yi ɗan gilashi kamar ƙwayar gero mai ƙara girman abu fiye da sau 200. Cikin 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya ɗiga ya duba, sai ya ga wasu 'yan halittu suna iyo, suna juyi, suna kai da kawowa. Cikin 1676 ya ga waɗanda su ka fi waɗannan ƙanƙanta, watau bakteriya. Da ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan da labari, da farko ba su yarda ba, sai da aka sake dubawa aka ga gaskiyarsa. Gani ya kori ji.

Daga nan sai aka yi ta ƙari. Cikin 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, su ka bayyana cewa ko wane tsiro da ko wace dabba da irin 'yan ƙwayoyin nan aka gina su. Cikin 1855 wani likitansu, Rudolf Virchow, ya daɗa da cewa ba wata ƙwaya da ke samuwa sai daga wata ƙwaya da ta riga ta. Wannan shi ne harsashin ilmin likita na zamani.

Mene ne ƙwayar halitta?

Yadda maginin Kabi ya ke jera tubali ya ta da soro, haka a ke jera ƙwayoyin halitta a jikin mutum, da doki, da giwan ruwa, da karan shinkafa. Bambancin kawai shi ne tubalin nan yana da rai: yana ci, yana numfashi, yana fid da ƙazanta, yana girma, ya kan kuma rabu biyu ya zama tubali biyu. Masana sun ƙiyasta a jikin baligi guda akwai irinsu wajen miliyan sau miliyan 30. Akwai kuma halittun da duk jikinsu ƙwaya ɗaya ce tak, kamar waɗanda mai yadin nan ya gani a ruwan tafki, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

In muna so mu fahimci tsarinta, mu kwatanta ta da birni irin Surame na Kanta. Tana da wani tantani da ya kewaye ta kamar ganuwa, mai ƙofofi da masu tsaro, abinci ya shiga, ƙazanta ta fita, baƙon da ba a yarda da shi ba a tsare shi. A ciki akwai wani ruwa mai kauri, nan ne kasuwa da maƙera su ke, inda a ke ƙona abinci a sami ƙarfi, a kuma ƙera kayan jiki. A tsakiya kuwa akwai cibiya, wadda akawuna za su fi kowa gane aikinta, don ita ce ofishin da a ke ajiye kundin gado. A cikin kundin nan a ke rubuta kamannin da yaro ya gada daga uwa da uba. In ƙwaya za ta rabu, sai ta fara kwafe kundin duka, ko wace 'ya ta tafi da nata kofe. A jikin mutum kundin nan ƙunshi 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma da madubi aka ƙirga su aka tabbatar cikin 1956. Ƙwayar tsiro ta daɗa da abu biyu: bango mai tauri bayan tantanin, da wasu ɗigo-ɗigo kore waɗanda ke kama hasken rana su haɗa abinci daga iska da ruwa. Duk buhun shinkafar da aka ɗauko daga fadama aikin 'yan ɗigon nan ne.

Batun ƙanƙanta kuwa, ga misali. Idon mai lafiya ba ya rarrabe abin da ya gaza kashi 1 cikin 10 na milimita. Jar ƙwayar jini kuwa sai an jera wajen 130 gefe da gefe kafin su cika milimita guda, kuma a ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akwai wajen miliyan 5. Ƙwayar zazzaɓi a cikin wannan jar ƙwaya ta ke shiga ta ɓuya. To, ina ido zai kai?

Yadda madubin ke aiki

Madubin da a ke gani a asibitoci da makarantu yana da gilashi a sama inda a ke sa ido, wanda galibi ya kan ƙara girma sau 10. A ƙasa akwai wasu gilasai uku ko huɗu a kan wata 'yar faifai mai juyawa, na sau 4, da na sau 10, da na sau 40, da na sau 100. Lissafin mai sauƙi ne, a ninka na sama da na ƙasa: 10 sau 40 ya ba da 400, 10 sau 100 ya ba da 1,000. Abin da za a duba a kan ɗora shi bisa wani ɗan fallen gilashi, a rufe da wani mai kama da ɓawon albasa don sirantaka, haske ya taso daga ƙasa, ko na fitila ko na rana da madubin fuska ya karkato, ya ratsa abin ya zo ido. Saboda haka tilas abin ya zama siriri ainun, in ya yi kauri baƙi ƙirin kawai za a gani. Gilashin sau 100 ba ya aiki sosai sai an ɗiga wani mai na musamman tsakaninsa da abin da a ke duba, don kada haske ya watse.

Kada mai karatu ya zaci in an yi ta ƙara gilashi za a yi ta ganin ƙari ba iyaka. Cikin 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna cewa haske kansa yana da iyaka: abu biyu da kusancinsu ya gaza wajen kashi 1 cikin 5,000 na milimita, madubin haske irin na kullum zai nuna su a cure kamar abu ɗaya. Shi ya sa ƙwayoyin ƙyanda da na shan inna ba su ganuwa da madubin asibiti. Sai da aka ƙago wani madubi a Jamus cikin 1931, mai aiki da ilektiron maimakon haske, sa'an nan aka ga irinsu. Amma shi kuma ba a duban abu mai rai da shi, sai an kashe an busar.

A nan ne wuyar sha'anin ta ke. Ƙwaya mai rai kusan garau ta ke kamar ruwa, ba ta da launi, da ƙyar a ke rarrabe ta da ruwan da ta ke ciki. In an rina ta, kome nata ya fito sarai, amma yawancin rini kashe ta ya ke yi, ka ga siffa ba ka ga motsi ba. Wani masani na Holan, Frits Zernike, ya sami dabarar sarrafa haske yadda ƙwaya za ta fito fili da ranta ba tare da rini ba, aka ba shi kyautar Nobel saboda haka cikin 1953. Malamin da ba shi da irin wannan madubi mai tsada kuwa, sai ya rage hasken da ke tasowa daga ƙasa, ya tsuke ƙofar hasken kaɗan, zai ga gefen ƙwayoyin ya fito.

Yadda aka kama ɓarawon

Ran 6 ga Nuwamba, 1880, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran yana duban ɗanyen jinin wani soja mai zazzaɓi a garin Kustantina na ƙasar Aljeriya, bai rina ba, bai busar ba. Sai ya ga wani abu yana fid da 'yan zarurruka suna karkaɗawa kamar bulala, har suna ture jajayen ƙwayoyin jini. Motsin nan shi ya tabbatar masa abu ne mai rai. Da a ce busasshen jini ya duba, da bai ga motsi ba. Bayan shekara 17, ran 20 ga Agusta, 1897, Ronald Ross, likitan Ingilishi da ke aiki a Indiya, ya fede cikin wani sauro da ya ciji mai zazzaɓi, ya sami ƙwayar tana girma a jikin tumbinsa. Cikin 1948 kuma aka gano cewa in ta shiga jikin mutum hanta ta ke fara sauka.

Ga yadda tafiyar ta ke. Tamatar sauro irin wanda a ke kira anofilis ita ke cizo, don tana bukatar jini ta yi ƙwai. In tana ɗauke da cutar, sai ta tofa ta tare da yawunta. Ƙwayoyin su wuce hanta su yi kamar mako guda suna hayayyafa, mutum bai san kome ba. Daga nan su fito su faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini, ko wace ta ci ta ƙoshi ta rarrabu, bayan wajen sa'a 48 ta fasa gidan, 'ya'yanta su watsu su kama wasu. Lokacin fashewar nan ne jiki ke ɗaukar ɗari da zafi. In abin ya daɗe jini ya ƙare, tafin hannun yaro ya yi fari, saifa ta kumbura, wani lokaci cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa yaro ya yi ta suma.

Rabon Birnin Kebbi da Argungu

Ba kowa ya san cewa ƙasar nan tamu ta shiga littattafan likitocin duniya ba. Cikin 1954, a zamanin En'e, sa'ad da Gwandu da Argungu ke cikin Lardin Sakkwato, Gwamnati ta kafa wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin, a garuruwan da ke kewayen Birnin Kebbi zuwa wajen Argungu. Dokta Leonard Bruce-Chwatt, shugaban sashen yaƙi da cutar a Nijeriya a lokacin, yana cikin waɗanda su ka tsara shi. Aka kasa ƙasar kashi uku, ko wane kashi aka riƙa fesa wa bangon ɗakunansa irin nasa magani, ɗaya DDT, ɗaya BHC, ɗaya kuma dieldrin, don a ga wanda ya fi.

To, da me za a auna nasara? Da madubin likita. Ma'aikata su kan bi ƙauyuka su tsaga yatsun jarirai da yara su ɗauki jini a gilashi, su taɓa ciki su ji girman saifa, su kuma kama sauro a ɗakuna su fede shi a ƙarƙashin madubi, su duba jakar yawunsa ko da ƙwayar cuta. Mai karatu ya tuna ƙanƙantar sauro, sa'an nan ya tuna jakar yawunsa, zai san aikin nan ba na mai gaggawa ba ne.

Da farko sauro ya ragu ƙwarai. Amma cikin 1955 sai aka ga ya komo a yankin da a ke fesa dieldrin, yana sauka a bangon da aka fesa ya tashi lafiya lau. Aka gwada aka tabbatar maganin ya daina kashe shi, wannan kuwa shi ne karo na farko da aka tabbatar da haka a kan irin sauron nan da ya fi kowane yaɗa cutar a Afirka. Aka ɗauki irinsa daga Ambursa, garin nan da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu inda filin jirgin sama ya ke yau, aka kai Landan. A can George Davidson ya yi kiwonsa, ya haɗa shi aure da sauron da magani ke kashewa, ya bayyana cikin 1956 cewa taurin kan nan gādo ne, yana bin zuriya daga iyaye zuwa 'ya'ya bisa ƙa'ida. Watau tun asali akwai 'yan ƙalilan masu wannan hali a rubuce cikin kundinsu, magani ya kashe sauran ya bar musu fili, su ka hayayyafa su ka cika ƙasa. Irin wannan haɗa aure ne kuma ya kai shi ga gane cewa sauron da a ke ɗauka iri ɗaya ne, ashe iri-iri ne masu kama da juna.

Aikin Yammacin Sakkwato ya rage cutar, amma bai yanke ta ba. Haka kuma babban aikin da aka yi a Garki, a Jihar Kano ta lokacin, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna feshi da ƙwayoyin magani su kan sassauta ta ƙwarai, amma in an daina sai ta komo. Darasin da aka koya shi ne abokin gaban nan yana sāke dabara, wanda ya daina dubansa kuwa zai yi ta harbi a duhu. Cikin Disamba, 2024, da aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, jihohi biyu aka zaɓa a fara da su, Kebbi da Bayelsa.

A ɗakin awo na asibiti

In an kai yaro asibiti aka ce a yi awon jini, ga abin da ma'aikaci ke yi. Ya kan ɗiga jini wuri biyu a gilashi, ɗaya mai kauri ɗaya shimfiɗaɗɗe siriri. Ya bari su bushe, ya rina da wani rini da Gustav Giemsa ya haɗa a Jamus a farkon ƙarni na 20, wanda ke mai da jikin ƙwayar cutar shuɗi, cibiyarta kuwa ja. A madubi sai ta fito kamar ɗan zobe mai dutse. Mai kaurin shi ke nuna ko akwai cutar da yawanta, siririn kuwa shi ke nuna ko wace iri ce. Ba ya cewa babu sai ya duba fili aƙalla 100. Saboda haka in an ce ku jira, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Yanzu akwai kuma ɗan katin gwaji da ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20 ba tare da madubi ba, yana da amfani ƙwarai a ƙauye, sai dai ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a gwada jini kafin a ba da magani, domin ba ko wane zafin jiki ne na sauro ba. Wanda ya sha maganin sauro alhali sanƙarau ko taifot ke damunsa, ya yi hasarar kuɗi, ya kuma ba cutar gaskiya lokaci.

Cuta ta biyu da ta dami mutanen bakin gulbi ita ce tsargiya. A wurare da dama a kan ɗauki fitsarin jini a jikin yaro namiji alamar girma ce. Ba haka ba ne. Wata tsutsa ce da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira cikin 1851, tana zama a jijiyoyin mafitsara, ƙwanta mai ƙaya a gindi shi ke tsaga nama ya fito da jini. In an tace fitsarin tsakar rana an duba, ƙwan ya kan fito sarai. In an zuba masa ruwa mai daɗi, sai a ga ya ƙyanƙyashe, ɗan ya fito yana iyo da sauri yana neman katantanwa. A jikinta ya ke hayayyafa, ya fito ya huda fatar mai wanka, ko masunci, ko mai dashen shinkafa. Maganinta yana nan, sunansa praziquantel. Yaron da ya ga ƙwan nan da idonsa, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan yin fitsari a ruwa ba.

Abin da malami zai iya yi a aji

Ba sai an sami kayan jami'a ba. Ga albasa, wadda Aliero ta yi suna da ita. A ɓare tantanin nan na cikin ɓawonta, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga ruwa da ɗan aidin, a rufe, a fara da gilashi mafi ƙanƙanta. Yara za su ga 'yan ɗakuna a jere kamar tubalin gini, ko wane da cibiyarsa. In albasar ja ce, a ɗiga ruwan gishiri, za a ga cikin ko wane ɗaki ya tsuke ya janye daga bango, don gishiri ya zuƙe ruwansa. Nan take yaro zai gane dalilin da gishiri ke hana kifi ruɓa.

Sa'an nan malami ya ɗebo ruwan kududdufi da kansa, da guga, kada ya aiki yara su shiga saboda tsargiya. A jefa busasshiyar ciyawa a ciki a bari kwana 3 ko 4, a ɗiga a duba. Za a ga abin da mai yadin Delft ya gani: wani mai kamar tafin takalmi yana iyo da gashin jikinsa, wani kuwa ba shi da siffa tsayayya, sai ya miƙa gefe guda ya kwarara ya bi shi. A kwatanta da ɗigon ruwan da aka tafasa. A jiƙa yis na masu burodi da sukari a ga yadda ƙwaya ke tohowa daga jikin 'yar'uwarta. In an yanka kaza ko an kamo kifi, a shafa ɗan jinin a duba: jajayen ƙwayoyinsu suna da cibiya, na mutum kuwa ba su da ita. Amma muna gargaɗi da babbar murya, kada malami ya tsaga yatsan ɗalibi don neman jini, akwai cututtukan da ke bin allura da reza. Wannan aikin asibiti ne.

Kula da madubin kuma wajibi ne. A ɗauke shi da hannu biyu. Kada a karkato ƙwayar rana kai tsaye cikinsa, ta kan ƙona ido. Kada a goge gilashinsa da bakin riga. Da hunturu a rufe shi saboda ƙura, da damina kuwa a ajiye shi wuri busasshe, don fumfuna ta kan tsiro a kan gilashi ta ɓata shi. Amma kada tsoron lalacewa ya sa a kulle shi a sito shekara da shekaru, yara su gama makaranta ba su taɓa leƙa shi ba sai zanensa a allo. Madubin da ke cikin akwati da babu duk ɗaya ne.

Ku kuma akawuna da ke rubuta kasafin kuɗi a ƙananan hukumomi da ofisoshin ilmi da na lafiya, ku tuna madubi ba ya aiki shi kaɗai. Yana bukatar rini mai kyau, da mai, da gilasai, da fitila, da mutumin da aka horar aka kuma riƙe shi da albashinsa a kan kari. Waɗannan 'yan abubuwa su a kan fara sokewa in kuɗi ya gaza, alhali kuwa in babu su sai a koma ba da magani da ka. Yau akwai Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu mai horad da malamai. A wancan zamani sai da aka ɗauki sauron Ambursa aka kai Landan kafin a san sirrinsa. Fatarmu ita ce yaran da ke leƙa ɓawon albasa a aji yau su zama su ne masu duban sauron gobe a nan gida. Allah ya sa mu ga haka, amin.